Kafin Ka Sa Sukudireba a Kafireta

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kusan duk mai tsohuwar mota da ya shigo garejinmu a Kurmin Mashi, Kaduna, da magana ɗaya yake zuwa: "Oga, a rage mata mai." Wani ma tun kafin ya kashe mota ya riga ya ja bonet, yana nuna kafireta da yatsa. Ba na ganin laifinsu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Amma abin da ake yi wa kafireta da sunan rage mai yana ci mini rai, domin yawancinsa an bar jaki ne ana dukan taiki. Motar ba ta daina shan mai ba, ga shi an bar ta da ciwon da ba ta zo da shi ba.

Ni a kan Peugeot na koyi aiki, kamar yawancin makanikan garin nan masu shekaruna. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, a farko ma ta jirgin sama ake ɗauko kayan daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a gangaro da su Kaduna. Faransa ta daina ƙera 504 salun a 1983, mu kuwa aka ci gaba da haɗa mana ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa 504 ɗin da ke yawo a Kaduna ba iri ɗaya ba ce, ko da jikinsu ya yi kama. An canza inji, an canza kafireta, an ɗauko ta wannan an ɗora wa waccan, an sayo wata Beljiyam a Oriakpata an haɗa da manifol ɗin da ba nata ba, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji. Mota ɗaya za ta iya shekara arba'in ta bi ta hannun makanikai ashirin, kowa ya bar tambarinsa.

Saboda haka aikin farko shi ne sanin wace kafireta ce a gabanka. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya riƙe sukudireba kusa da kafireta sai ya karanta masa sunanta da baki. Zai ce, "Goge ta, ka gaya mini wace ce." In ka ce Solex, sai ya ce, "Solex ɗin gidansu da yawa, wace daga ciki?"

Sunan yana jikinta. A ƙarƙashin baƙin maiƙo da ƙura, a gefen kwanon mai ko a gindinta inda take zama kan manifol, za ka ga lambobi da haruffa. Lambar farko faɗin maƙogwaronta ne a wajen faifan totur, da milimita. Solex 34 BICSA da ake samu kan 504 mai inji cc 1796 maƙogwaro ɗaya gare ta, mai faɗin milimita 34. Ta 404, mai inji cc 1618, Solex 32 PBICA ce ko 34 PBICA. In ka ga lamba biyu, kamar 32/35, to maƙogwaro biyu ne: na farko 32, shi ke aiki a tafiyar yau da kullum, na biyu 35, ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. Inji mai cc 1971, wanda muke kira tu lita, an sa masa Solex 32/35 SEIEA, an sa masa 32/35 TMIMA, an kuma sa masa Zenith 35/40 INAT. Ukun nan inji ɗaya suke shayarwa, amma gasket ɗinsu daban, jet ɗinsu, wato 'yan ramukan da ke auna mai, daban, wurin saitinsu daban. Akwai kuma 504 TI wadda ba ta da kafireta sam, famfon Kugelfischer ke watsa mata mai. Ba ta da yawa a nan, in ka gamu da ita ka san wani karatu ne daban.

Sannan akwai 'yar ƙaramar alama ta gorar ruwa da ake maƙalewa a ƙarƙashin ɗaya daga sukuran murfin kwanon mai. Ita ce ke faɗin ainihin motar da aka tsara wa wannan kafiretar, da girman jet ɗin da masana'anta ta sa mata. Yara sukan kwance murfi su yar da ita, suna ganin tarkace ce. Duk wanda ya samu tasa tana nan, ya ɗauki hotonta da waya ya ajiye.

Sauran motocin ma haka abin yake. Volkswagen Beetle, wadda aka haɗa a Ojo ta Legas daga 1975, Solex take sha: 30 PICT a kan ƙananan injuna, 34 PICT-3 a kan mai 1600, kuma za ka ci karo da masu tambarin Brosol, ƙirar Brazil. Land Rover ta da, mai fetur, Solex 40 PA ce a farko, daga baya Zenith 36 IV. Tsohuwar Toyota Aisan ce, Datsun yawanci Hitachi, Honda kuwa Keihin. Golf da Passat na shekarun 1980 Pierburg suke ɗauke da ita, 2E2 ko 2E3, mai tiyo-tiyo da yawa da ke rikita mutane har su toshe rabinsu da ƙusa. Weber, wadda Edoardo Weber ya kafa a Bologna ta Italiya a 1923, ita ce mutane ke ɗorawa in sun gaji da ta asali, musamman 32/36 DGV.

Akwai wani gida kuma da aikinsa ya bambanta da duk waɗannan: SU ta Ingila da Stromberg 175 CD da ke kan Mercedes 200 da 230 na da. Su ba jerin jet gare su ba. Jet ɗaya ne da allura mai siririn baki da ke shiga cikinsa, fistin na ɗaga ta sama gwargwadon iskar da inji ke ja. A samansu akwai murfi da ake kwancewa a ɗiga mai, shi ke hana fistin ɗin zabura in an taka totur. Na sha ganin Mercedes tana shaƙewa wajen tashi, an kwance komai an wanke, alhali wannan ɗan ramin ne ya bushe. Stromberg tana da faifan roba a ciki. In ya tsage ko da kaɗan ne, fistin ba zai tashi yadda ya kamata ba, mota ta rasa ƙarfi. A ɗaga robar a rana a ɗan ja ta, tsagar za ta nuna kanta.

Yadda kafireta ke aiki ba wani sihiri ba ne. Wanda ya san famfon filit na feshin sauro da iyayenmu ke amfani da shi ya riga ya san rabin karatun: iska ce ke wucewa da gudu a bakin siririn bututu, sai ta zuƙo ruwan da ke ƙasa ta watsa shi. Maƙogwaron kafireta ya tsuke a tsakiya don iska ta ƙara gudu a wurin, ta ja fetur daga kwano ta cikin jet. Abin da inji ke so shi ne kimanin kilo 14.7 na iska a kan kilo 1 na fetur. In mai ya fi haka sosai, baƙin hayaƙi da asara. In ya gaza, zafi da rashin ƙarfi.

Abin da mutane ba su riƙe ba shi ne cewa hanyoyin mai a cikinta sun kai huɗu ko biyar, kowace da lokacinta. Akwai hanyar silo, wadda ke riƙe inji in ƙafa ba ta kan totur. Akwai ƙananan ramuka a gefen faifan totur da ke karɓa in an fara takawa. Akwai babban jet, shi ke ɗauke da tafiyar hanya. Akwai famfon totur, mai tsarto mai sau ɗaya in an taka da sauri. Akwai cok, na tashin sanyi. Sukurun nan da kowa ke murɗawa da sunan rage mai, bakin ramin silo kaɗai yake tsukewa ko ya buɗe. Da ka hau titin Zariya ka sa giya ta huɗu, ba shi da sauran ta-cewa. Inji tu lita yana tsaye yana silo bai fi ya sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ba. A kan hanya kuwa, 504 mai lafiya tana cin wajen lita 10 zuwa 12 a kilomita 100. To me ka rage in ka matse sukurun? Ka dai samu motar da ke mutuwa a kowace danja ta titin Ahmadu Bello, kana tayarwa kana fama totur, kowane famawa kuwa famfo na tsarta mai.

Wasu da suka gane haka sai su tafi ga babban jet. Su cire na asali su sa ƙarami, ko su cusa silin waya a cikinsa, ko su dalaye shi da dalma su sake hudawa da allura. Nan ne ɓarnar gaske take. Lambar da ke kan jet ɗin Solex da Weber faɗin raminsa ne: 130 na nufin milimita 1.30. Mai yana bin faɗin fili ne, ba tsawon layi ba, don haka tsakanin 130 da 140 akwai bambancin kusan kashi 16 cikin ɗari. Ramin da aka auna da irin wannan ƙa'ida ba a gyara shi da ido. In mai ya yi kaɗan a gudu, wutar cikin silinda tana daɗewa tana ci, bawul ɗin salansa ya yi ja ya ƙone, tof silinda na Peugeot, wanda na gorar ruwa ne, ya ɗauki zafi har ya ci gasket. Beetle ta fi kowa shan wahala a nan, tunda iska ke sanyaya ta, kuma a tsofaffin injunanta silinda ta 3 ta fi sauran zafi saboda na'urar sanyaya baƙin mai tana tare mata iska. Kuɗin man da aka ce an rage a wata shida bai kai na bawul ɗaya da aikin tof ba. Haka kuma masu zura wayar birki a jet don su share shi: tagulla tana da laushi, kowane zurawa yana ƙara faɗin ramin, lamba na cewa 130 amma ramin ya wuce nan. Fetur mai tsabta da iskar kwamfuresa sun isa.

Wani dattijo ya kawo mini 504 tasha wagon kwanakin baya, tana hayaƙi tana shan mai. Ya ce, "Ɗana, an wanke kafiretar nan har na gaji, ko dai in saya sabuwa?" Na ce, "Baba, a ba ni ita zuwa la'asar, amma ba kafireta zan fara taɓawa ba." Ya dube ni ya ce, "To ai ita ce ba ta da lafiya." Na ce, "Allah ya ƙara girma, bari mu tambayi injin tukuna."

Haka tsarin yake a wurina, kuma ba na saɓa shi ko mai mota na sauri. Kafireta ita ce ta ƙarshe. Ba ta tura mai da kanta, abin da inji ya ja shi take bayarwa; in jan ya lalace, duk saitin da ka yi mata a kan ƙarya ka gina shi. Da farko a gwada kwamfureshan, a ga silinda huɗun suna kusa da juna. Sai bawul, inji na sanyi: a 504, na shiga milimita 0.10, na fita 0.25, a Beetle 0.15 duka. A yi da fila geji, ba da jin yatsa ba. A tuna kuma Peugeot daga baya take ƙirga silinda, ta 1 ita ce ta wajen kuloci, tsarin wutarta 1-3-4-2, na Beetle kuwa 1-4-3-2. Sai fulogi da wayoyinsu, sai kwantak, tazararsa milimita 0.40. Sai taimin, bayan kwantak ba kafinsa ba, domin duk sanda ka taɓa tazarar kwantak taimin ya motsa.

A cikin distiributa akwai abu biyu da ke sa wuta ta riga fistin a tafiyar hanya: wasu 'yan ƙarafa masu sifirin a ƙasa, da wani ɗan gwangwani a gefe mai tiyo zuwa kafireta. A motar dattijon nan ƙarafan sun yi tsatsa sun kafe, robar cikin gwangwanin ta huje. Ma'ana wuta na zuwa a makare a duk tafiyar hanya, mai yana ƙarasa ƙonewa a salansa maimakon a kan fistin, kuma ta hujin robar iska na satar shiga. Ga shan mai, ga zafi, ga silo marar daɗi, kafireta kuwa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: cire murfin distiributa, ka murɗa rota da hannu, ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta, ka zuƙi tiyon, ya kamata farantin kwantak ya motsa ya tsaya har sai ka saki.

Abu na biyu da na samu a motar shi ne an cire tamostat, ɗan abin da ke tsare ruwa a inji har ya yi zafi. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a ƙasar nan, wai ƙasarmu da zafi, ba ma bukatarsa. Amma kafiretocin tu lita masu cok mai sarrafa kansa da ruwan lagireto suke gane cewa inji ya yi ɗumi. In babu tamostat, da safiyar hunturu a Kaduna ruwan ba ya saurin ɗaukar zafi, cok ya zauna rabi a rufe tun daga Rigasa har ka isa Kawo. Duk tsawon tafiyar nan mota na shan mai irin na tashin sanyi, ragowar kuma na wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Wasu sukan ɗaure cok ɗin da waya ya zauna a buɗe, sai kuma tashin safe ya zama aiki. Gyaransa shi ne a mayar da tamostat, a wanke lagireto, a tabbata tiyo biyun da ke kai ruwa wurin cok ba su toshe ba. A Beetle wuta ce ke ɗumama cok, waya ɗaya daga koyil. In ta cire, labarin ɗaya ne.

Sai bayan duk wannan nake zuwa kan kafireta, kuma a nan ma ba sukuru ne farko ba. Filtar iska tukuna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana cika filtar takarda cikin ɗan lokaci, filtar da ta toshe kuwa cok ce da ba ka ja ba. Yawancin 504 da Beetle na nan da filta mai kwanon baƙin mai suka zo, kuma a ganina babu wadda ta fi ta dacewa da ƙasar nan: a zubar da taɓon da ya taru a ƙasa, a wanke ragar da kananzir, a zuba mai daidai layin da aka zana. Raina yana ɓaci in na ga an cire ta an ɗaura tsumma ko safa a bakin kafireta. Ƙurar da ta wuce nan ringi take ci.

Sai tsayin mai a kwano. Wannan shi ne tushen duk sauran awo, domin kowane jet daga wannan kwanon yake sha. In mai ya hau sama da ƙa'ida, zai riƙa ɗiga cikin maƙogwaro ko ba a kira shi ba. In ya yi ƙasa, mota ta riƙa yankewa a gudu ko a kwana. Fulot, wato abin da ke yawo a saman mai cikin kwano, in na tagulla ne a girgiza shi kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa ya huje. Allurar da fulot ke turawa ta rufe mai, a duba bakinta, in ya yi zobe ta ci. A Solex da yawa kaurin washar da ke ƙarƙashin allurar shi ke saita tsayin mai, don haka ba kowace washa za a ɗauka a ƙasa a sa ba. Famfon mai ma yana da hannu: kafireta ba ta son matsi fiye da wajen 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin matsi na bar. Na ga an ɗora wa tsohuwar mota famfon lantarki na motar injekta, mai tura wajen bar 3, ana mamakin me ya sa take ambaliya. Babu allurar da za ta tare wannan.

Daga nan a nemi iskar sata. Jikin kafireta na wani ƙarfe ne mai laushi, in an ɗaure notinta da ƙarfin tsiya gindin yakan lanƙwashe, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashin gasket. Akan ɗora gindin a kan gilashi da samfefa mai laushi a goga a hankali har ya kwanta daidai. Gam ɗin silikon ba ya maye gurbin gasket a nan, fetur na narka shi ya shige ramukan silo. Akwai kuma farantin nan mai kauri da ke tsakanin kafireta da manifol, wanda ke tare zafi. A watan Maris da Afrilu, in ka tsaya sallar azahar ka dawo mota ta ƙi tashi sai da dogon sitata, sau da yawa mai ne ya tafasa a kwano ya malala cikin manifol, kuma in ka duba za ka tarar an yar da farantin.

Inji a kashe, leƙa cikin maƙogwaro ka ja totur da hannu. Ya kamata ka ga mai ya tsarto siriri, a miƙe, tun daga farkon motsi. In ɗiga yake ko ya makara, ga dalilin da ya sa mota ke yin atishawa in an taka ta. Robar famfon ce ko ɗan bakin tsarton ya toshe. Robobin nan sun sha wuya a farkon 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima, kuma man 'yan bumburutu da aka gauraya ko ya kwana a jarka mai datti bai taɓa yi musu daɗi ba. Filtar mai ta roba kafin famfo kuɗinta kaɗan ne. Ina roƙon matasanmu abu ɗaya a nan: kada a leƙa maƙogwaro inji na aiki ko ana ba shi sitata, kada a tsiyaya fetur a ciki wani na murɗa makulli. Wuta takan dawo ta nan, kuma na san masu tabon da ba zai goge ba.

Yanzu ne lokacin sukudireba. Inji ya yi zafi sosai, cok ya buɗe tsaye, filta na kanta. Kafin ka canza komai, murɗa sukurun mai ciki a hankali kana ƙirgawa har ya taɓa, ka rubuta adadin, ka dawo da shi. Taɓawa kawai, kada a matse, domin bakinsa siriri ne, in ya yi zobe ko ya fasa mazauninsa ba zai sake saituwa ba. In ba ka san inda yake a da ba, fara daga juyi biyu zuwa biyu da rabi a waje. Saita gudun silo wajen juyi 850 a minti. Sai ka riƙa fito da sukurun mai kwata-kwatan juyi, kana jira inji ya amsa, domin ba nan take yake amsawa ba. Gudun zai hau, ya tsaya, sannan ya fara nauyi yana gurnani. Koma ciki har ka samu inda ya fi sauri da santsi. In gudun ya haura, sauke shi da sukurun silo ka sake zagayen. A ƙarshe ka shigar da shi ɗan kaɗan, daidai inda gudun ke shirin sauka. A waɗannan kafiretoci ciki ragi ne, waje ƙari. Yaran da suka fito daga gyaran babur su kula, a can sau da yawa sukurun iska ne, aikinsa a juye yake.

Sukurun nan kuma yana ba da labari in ka saurare shi. In ka shigar da shi har ƙarshe inji bai mutu ba, mai na zuwa ta wata hanya: ko kwano ya cika ya wuce, ko an buɗe faifan totur da yawa don a rufe wata matsala. In sai ka fito da shi juyi huɗu ko fiye kafin inji ya zauna, akwai iskar sata ko jet ɗin silo ya toshe. In kuwa ka juya ko'ina babu abin da ya canza, ajiye sukudireba ka koma baya.

Solex 34 PICT-3 ta Beetle tana da nata hali, kuma a nan ake yawan kuskure. Sukurun da ke kan hannun totur ba na silo ba ne. Aikinsa kawai ya hana faifan cijewa a maƙogwaro. Silo yana gefen hagu: babban sukuru na gudu, ƙaramin da ke kusa da shi na mai. Wanda ya ɗaga silo da sukurun hannun totur ya buɗe ramukan da bai kamata su fara aiki ba, daga nan duk saitin ya rikice. A gefen kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai waya da ke rufe hanyar silo in an kashe mota. Kunna makulli ka cire wayar ka mayar, ya kamata ka ji ƙas. In babu, motar za ta yi gudu amma ba za ta taɓa tsayawa a silo ba. Wasu Solex da Zenith na shekarun 1970 ma a kan irin wannan tsari suke, sukurun faifansu daga masana'anta aka saita shi, wani lokaci har da hular roba a kansa. Hular ba ado ba ce.

Silo mai daɗi a gareji bai isa shaida ba. Nakan fita da mota ta Kawo in miƙa hanyar Zariya, in riƙe ta a gudu ɗaya na ɗan lokaci, in samu wuri mai aminci in taka kuloci in kashe ta nan take, ba tare da ta yi silo ba, sannan in cire fulogi. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Baƙi busasshe mai gari, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska na sata, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawa, maganar ringi ce ko gaid ɗin bawul, kafireta ba ta ciki. In fulogi ɗaya ya bambanta da sauran ukun, matsalar ta wannan silindar ce, tunda duka daga kwano ɗaya suke sha.

Tudun ƙasa ma yana da tasiri. Kaduna tana wajen mita 600 sama da teku, Jos wajen 1,200. Iska tana raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari a kowace mita 100, kafireta kuwa ba ta san an hau dutse ba, don haka motar da aka saita a Legas takan ɗan yi nauyin mai a nan, ta ƙara a Jos. Don Kaduna ban ga dalilin canza jet ba, saitin silo ya wadatar. Wanda zai zauna a Jos dindindin zai iya sauka mataki ɗaya, da jet na gaske mai lamba, kuma ya ajiye na asalin don ranar da zai gangaro.

Dattijon nan bai sayi sabuwar kafireta ba. Abin da na yi wa tasa bai wuce gasket da allurar fulot ba, sauran aikin duk a distiributa da tamostat yake.

Ga masu tunanin sayen sabuwa: waɗanda ke cikin kwali a kasuwa yanzu yawancinsu kwaikwayo ne, suna sheƙi, wasunsu suna aiki, amma na sha buɗe su in tarar jet babu lamba, ko lambar ba ta dace da ramin ba, ko fulot a karkace. In dole ka saya, buɗe ta kafin ka ɗora, ka wanke ɓarɓashin ƙarfen da ke ciki, ka mayar mata da jet ɗin tsohuwar in sun shiga. Tsohuwar kuma kada ka ba 'yan gwangwan. Abin da ke kashe kafireta ta asali yawanci abu ɗaya ne: sandar faifan totur ta cinye mazauninta saboda shekaru, ka kama ta ka ji tana lilo, iska na bi ta gefe, silo ya ƙi zama wuri ɗaya. Masu injin tona, wato injin feƙe ƙarfe, a Panteka suna iya fafe ramin su sa masa bushin tagulla, in ka kai musu sandar su auna. Ka ce su yi ɓangarorin biyu a layi ɗaya, kuma in an mayar da faifan a ɗaga kafiretar a rana a tabbata haske ba ya wucewa ta gefe fiye da siririn zare kafin a ɗaure sukuransa.